Ciwon sanyi: Yadda ƙwayar cutar ke gadon dabarun bijire wa magani, da abin da ya shafi Kebbi

A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran garuruwan Arewa, wanda ya ji zafin fitsari ko ya ga farin ruwa na fita daga gabansa yakan fara zuwa kemis kafin asibiti, saboda kunya da ƙarancin kuɗi. A ba shi 'yan ƙwayoyin "ja da yalo" ko "ja da baƙi", ya sha kwana biyu, zafin ya lafa, ya ajiye sauran. Wannan ɗabi'a tana da sakamakon da ake iya karantawa a cikin ƙwayoyin halittar cutar kanta.

Kalmar "ciwon sanyi" a bakin Bahaushe ta haɗa cututtuka da dama. Wadda ake magana a nan ita ce gonoriya, da bakteriyar Neisseria gonorrhoeae ke haddasawa, wadda likitan Jamus Albert Neisser ya gano a 1879. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, ba ta hanyar masai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa kimanin miliyan 82 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Hanyoyi uku na tsira

Ta farko ita ce kuskure wajen hayayyafa. Duk lokacin da bakteriya ta rabu biyu tana kwafe bayanan halittarta, kuma wani lokaci harafi ɗaya yakan sauya. Sauyi a ƙwayoyin halitta masu suna gyrA da parC ya canza siffar wurin da ciprofloxacin ke kamawa, har maganin ya rasa mariƙa. Saboda haka Amurka ta daina ba da shawarar amfani da shi kan gonoriya a 2007. Wani sauyin, a mtrR, yana sa bakteriyar ta riƙa fitar da magani daga cikinta kamar injin ban-ruwa.

Ta biyu ita ce aro. Akwai ƙananan zobba na bayanan halitta da ake kira filasmid, waɗanda bakteriya ke miƙa wa juna. A 1976 aka gano gonoriya mai ɗauke da filasmid da ke sarrafa sinadarin da ke farfasa fenisilin. Iri biyu aka fara gani: ɗaya daga Kudu maso Gabashin Asiya, ɗaya kuma aka danganta da Afirka ta Yamma, har masana suka laƙaba masa "na Afirka". A tsakiyar shekarun 1980, irin wannan aro ya kawo tetM, wanda ya karya lagon tetracycline.

Ta uku ta fi tayar da hankali. Gonoriya na iya tsintar gutsattsarin bayanan halitta daga danginta marasa illa da ke zaune a maƙogwaron ɗan Adam, ta ɗinke su cikin nata. Haka aka samu sabon fasalin penA mai rage ƙarfin ceftriaxone, allurar da duniya ta fi dogaro da ita a yau. An gano nau'in H041 mai bijire mata a Kyoto ta Japan a 2009, sannan a 2018 Birtaniya ta ba da rahoton wani mutum da cutarsa ta bijire wa ceftriaxone da azithromycin gaba ɗaya.

Rawar rabin magani

Magani ba ya ƙirƙirar waɗannan sauye-sauye, zaɓe yake yi. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san abin da ke biyo bayan feshin da aka tsinka da ruwa: ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta samu fili ta yaɗu. Haka rabin magani, ko jabu, ko wanda bai dace da cutar ba, ke share wa bakteriya mai juriya hanya. Daga nan ta wuce zuwa matar aure ko abokin tarayya, kuma jihar da ke iyaka da Nijar da Benin, mai kasuwanni irin na Kamba, ba ta rabuwa da zirga-zirga.

Mata da yawa ba sa ganin alama. Cutar na iya haurawa ta toshe hanyoyin ƙwai, ta jawo rashin haihuwa ko ciki a wajen mahaifa, kuma jaririn da ya kamu lokacin haihuwa na iya makancewa. A al'ummar da ake ɗora wa mace laifin rashin haihuwa, wannan na iya zama sanadin saki.

Inda siyasa ta shigo

A ƙasashe masu ƙarancin ɗakunan gwaji, an saba ba da magani bisa alamomi kawai. Tsarin yana taimakon mara lafiya nan take, amma ba ya nuna wane magani ne ya daina aiki. Sanin hakan na buƙatar shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, aikin da ya dace da manyan cibiyoyi kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi.

Najeriya ta fitar da shirin ƙasa kan bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, sannan na biyu na 2024 zuwa 2028. Tun 2001 ta amince da Yarjejeniyar Abuja ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Lasisin masu kemis kuma, wanda hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN ke bayarwa, bai ba su damar sayar da irin waɗannan magunguna ba.

Don haka matasan Kebbi na da tambayoyin da za su yi wa Ma'aikatar Lafiya da 'yan majalisar dokokin jiha: nawa aka ware wa ɗakunan gwaji, nawa aka saki? Samfuri nawa aka gwada bara a Argungu, kuma ina sakamakon? Wa ke duba kemis-kemis? Wanda ya kamu kuwa, ya je asibiti tare da abokin zamansa, su kammala maganin yadda likita ya rubuta, su ƙaurace wa saduwa har kwana bakwai bayan jinya.