Daga Gadarif Zuwa Gondar: Tsohon Babur Da Hawan Duwatsun Habasha

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen gahawa ko tafarnuwa a Metema ya san daga saman duwatsu kayan nan suke gangarowa. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa bin hanyar har can sama su ga inda take kaiwa, balle a ce bisa tsohon babur. Ni na yi wannan tafiya shekaru kaɗan kafin yaƙin 2023, kuma abin da na gano zai amfani mai neman abinci da babur a bakin iyaka.

Daga Gadarif zuwa Gallabat, ta Doka, tafiyar kilomita 150 ce da 'yan kai, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai baƙar laka, gonakin dawa da riɗi dama da hagu. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen yamma. Tun ƙarni na 18 alhazan da ake kira Takari suka zauna a Gallabat da Metema, har shugabancin kasuwar ya kasance a hannunsu. A nan ne kuma aka gwabza yaƙi a 1889 tsakanin Ansar na Mahadi da Habashawa, inda Sarki Yohannes na huɗu ya rasa ransa.

Turawa masu yawon duniya bisa babur ma sun daɗe da sanin hanyar. Wani ɗan jaridar Ingila mai suna Ted Simon ya tashi daga Landan a 1973 bisa Triumph Tiger 100, ya ratso Kasala da Gadarif ya tsallaka ta Metema, lokacin ko kwalta babu. Shekara huɗu ya yi yana zagaya duniya, ya rubuta labarin a littafinsa Jupiter's Travels. Wannan babur yau kayan tarihi ne. Namu tsofaffin kuwa ba don ado muke riƙe da su ba, sai don su ne jari.

Nawa Honda CG125 ne, irin wanda kamfanin ya fara ƙerawa a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da inji ba. Daga Metema, wadda tsayinta bai wuce mita 700 daga teku ba, hanya tana bi ta daji mai zafi, sannan ta fara hawa, kwana bisa kwana, har Aykel a ƙasar Chilga. Kana juyawa sai ka hango ƙasar da ka baro ta shimfiɗu kamar tabarma, kwazazzabai a ƙarƙashinka, iska mai sanyi tana dukan fuska. Gondar kuwa tana sama da mita 2,100, tafiyar kusan kilomita 180 daga iyaka. Can ne fadar Sarki Fasilides take, wanda ya mai da garin babban birni a 1636.

A tsakiyar hawan ne babur ɗina ya fara tari, yana fitar da baƙin hayaƙi, ina murɗa totur ba ya amsawa, daga bisani ya mutu. Na zaci gurɓataccen fetur aka sayar mini. Wani dattijon makanike a bakin hanya ya kwance fulogi ya nuna mini, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ashe laifin dutse ne. Duk yadda ka yi sama iska tana ƙara tsinkewa, kafireta kuma an daidaita ta ne a ƙasa, sai mai ya rinjayi iska. Inji irin wannan yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, ke nan kafin ka isa Gondar kusan kashi 14 ya tafi. Ya goge fulogi, ya wanke matatar iska, ya rage mai, na ci gaba. In ka gangaro kuma dole a mayar da shi yadda yake, in ba haka ba mai ya yi kaɗan a zafin Gallabat, inji ya ɗau zafi.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Tsohon babur birkinsa na ganga ne, in ka danne shi tsawon kilomitoci sai ya yi zafi ya daina kamawa, musamman da buhu a baya. Dabarar ita ce ka sa giya ta biyu inji ya riƙe ka, kana taɓa birki jefi-jefi. Kada ka kashe inji don tattalin mai. Rowar da ke kai mutum kwazazzabo ke nan. Ka tafi da fulogi biyu, tif, kayan faci, famfo, igiyar kuloci da mahaɗin sarƙa, ka sa hular kwano da rigar sanyi. Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, kada ka sauka daga kwalta a wajen Doka, domin baƙar laka tana cika tsakanin taya da madugadi har ƙafa ta daina juyawa. Kwana a ƙasan iyaka kuma sai da gidan sauro, saboda zazzaɓin cizon sauro da cutar kala-azar da ta yi katutu a yankin.

Sai dai, mai karatu, hanyar da na bi ba ita ce ta bayan nan ba. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum a Afrilun 2023 ya cika Gallabat da masu gudun hijira, a shekarar kuma rikici ya tashi a jihar Amhara tsakanin 'yan Fano da sojojin gwamnati. A Satumbar 2024 har rufe mashigar aka yi saboda faɗa a Metema. Don haka kafin ka tayar da babur, tambayi direbobin da suka sauko a ranar, kada ka yi tafiyar dare, kada ka bi ɓarauniyar hanya, takardunka da na babur su cika.

Babur ɗina yana nan, na sake masa sarƙa da zobba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ɓangarorin biyu, mu sake hawa Aykel mu sha gahawa a sanyi.