Wace Jam'iyya Zan Zaɓa? Ma'aunan Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Duba

Gabatarwa

Duk lokacin da babban zaɓe ya ƙarato, hira a ɗakunan kwanan ɗalibai da bakin aji takan koma ta siyasa. Wannan ya ce jam'iyyarsa ce mafita, wancan ya ce duk kanwar ja ce. Amma da za a tsayar da ɗalibi a tambaye shi dalilin da ya sa ya karkata ga jam'iyya kaza, sau da yawa amsar ba ta wuce cewa ita ake yi a gidansu, ko ɗan takararta ɗan yankinsu ne. Wannan maƙala ba ta zo don tallata wata jam'iyya ba. Manufarta ita ce ta fito da wasu ma'aunai da mai karatu zai iya ɗora kowace jam'iyya a kansu, tare da misalai daga tarihin siyasar Nijeriya.

Me Ya Sa Jam'iyya Take Da Muhimmanci?

Za a ji wasu suna cewa su mutum suke zaɓa, ba ruwansu da jam'iyya. Maganar tana da daɗin ji, sai dai doka ba ta tafi a kan haka ba. Tsarin mulkin 1999 ya shar'anta cewa sai jam'iyya ta tsayar da mutum kafin ya nemi kujerar shugaban ƙasa, ko ta gwamna, ko ta majalisa. Haka kuma abin da mai zaɓe yake gani a takardar ƙuri'a shi ne sunan jam'iyya da alamarta, ba sunan ɗan takara ba. A zaɓen 2023, misali, tsintsiya ta APC ce, lema kuma ta PDP.

Kotu ma ta sha tabbatar da nauyin jam'iyya. A shekarar 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Jihar Ribas, alhali Celestine Omehia ne PDP ta gabatar a ranar zaɓe. Hujjar kotun ita ce Amaechi ne halattaccen ɗan takarar jam'iyyar, kuma jam'iyya aka zaɓa. A 2019 kuwa, kotun ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu a Jihar Zamfara saboda ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, kujerun suka koma hannun PDP. Ke nan wanda ya dangwala wa jam'iyya ya ɗauki mutanenta da rikicinta na cikin gida gaba ɗaya.

Ma'auni Na Farko: Manufa

Kowace jam'iyya tana da kundin manufofi, wato takardar da ta bayyana abin da za ta yi idan ta kafa gwamnati. A Jamhuriya ta Biyu bambancin manufofin a fili yake. Jam'iyyu biyar suka shiga zaɓen 1979: NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP. UPN ta Cif Obafemi Awolowo ta tsaya a kan abubuwa huɗu: ilimi kyauta, kiwon lafiya kyauta, raya karkara, da samar da aikin yi ga kowa. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta ba da ƙarfi ga abinci da muhalli, shi ya sa alamarta ta ƙunshi gida da masara. Ita kuwa PRP ta Malam Aminu Kano ta gaji aƙidar NEPU ta 'yanta talaka, kuma da ta ci jihohin Kano da Kaduna sai ta soke haraji da jangali. Mai zaɓe a wancan zamani ya san abin da yake saye da ƙuri'arsa.

A zaɓuɓɓukan baya-bayan nan manufofin sun yi kama da juna ƙwarai. A 2023 manyan 'yan takara uku, Bola Tinubu na APC da Atiku Abubakar na PDP da Peter Obi na LP, duk sun yi alkawarin cire tallafin man fetur. Idan alkawari ya zama iri ɗaya, sai mai zaɓe ya matsa gaba da tambaya: ta wace hanya za a yi, cikin wane lokaci, kuma wa zai ɗauki nauyin wahalar? Jam'iyyar da ba ta da amsar waɗannan tambayoyi ba ta gama shiri ba.

Ma'auni Na Biyu: Abin Da Aka Riga Aka Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Manyan jam'iyyu duk sun taɓa riƙe mulki a wani mataki. PDP ta mulki tarayya daga 1999 zuwa 2015, APC ta karɓa a 2015, wasu ƙananan jam'iyyu kuma sun riƙe jihohi. Don haka akwai abin dubawa. Ɗalibi ya fara da abin da ya shafe shi kai tsaye. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, wato wata takwas ɗalibai suna gida. An kuma yi dogayen yajin aiki a 2009 da 2013, lokacin da wata jam'iyyar ce ke kan mulki. Adalci shi ne a auna kowa da mudu ɗaya, kada a tuna laifin wannan a manta na wancan.

Mu ɗaliban harshe muna da misali na kusa. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamba 2025 aka sanar da soke manufar, aka koma ga Ingilishi. Gwamnatocin biyu duk na jam'iyya ɗaya ne. Wannan yana nuna cewa sunan jam'iyya kaɗai ba ya gaya wa mutum inda za a dosa, sai ya duba mutanen da za a damƙa wa ma'aikatu.

Ma'auni Na Uku: 'Yan Takara Da Yadda Aka Fito Da Su

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yadda jam'iyya ta gudanar da zaɓen fid da gwaninta yana nuna yadda za ta riƙe jama'a. Idan uban gida ne ya ɗora ɗan takara, ko kuwa an sayi wakilai da kuɗi, to wanda aka tsayar zai fi jin maganar wanda ya ɗora shi a kan ta masu zaɓe.

Sai kuma batun sauya sheƙa. An kafa APC a 2013 daga haɗakar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, kuma a Nuwamba na shekarar gwamnonin PDP biyar suka koma cikinta. Kafin zaɓen 2019 wasu daga cikin waɗanda suka shiga suka sake ficewa. Saboda haka wanda ya guji wata jam'iyya don ɓacin rai yana iya tarar da mutanen da ya gudu dominsu sun riga shi isa sabuwar. Ya kamata a bi tarihin ɗan takara: ina ya fito, me ya riƙe a baya, kuma me ya bari a wurin?

Ma'auni Na Huɗu: Kowace Kujera Da Aikinta

A babban zaɓe ba ƙuri'a ɗaya ake jefawa ba. Akwai ta shugaban ƙasa, da ta Majalisar Dattawa mai kujeru 109, da ta Majalisar Wakilai mai kujeru 360, sannan ta gwamna da ta majalisar jiha. Soja da 'yan sanda da kuɗin ƙasa suna hannun tarayya, alhali yawancin makarantun sakandare da manyan asibitocin jiha suna hannun gwamna. Aikin ɗan majalisa kuwa shi ne yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da sa ido kan gwamnati, ba rabon shinkafa ba.

A bakin 'yan siyasa, zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa shi ake kira "sak", cakuɗawa kuma "wake da shinkafa". Kowanne yana da amfani da illa. Sak yana sauƙaƙa wa gwamnati aiki, amma yakan shigar da baragurbi a inuwar ɗan takara mai farin jini. Cakuɗawa tana samar da masu taka wa gwamnati birki, amma tana iya tsayar da aiki cak. Jihar Kaduna ta ga haka: a 1979 Alhaji Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN ta mamaye majalisa, majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, daga ƙarshe ta tsige shi a Yuni 1981.

Ma'auni Na Biyar: Harshen Ɗan Siyasa

A nan ne ɗalibin harshe ya fi sauran jama'a makami. Mun san bambancin "mun gina" da "za mu gina" da "ma gina". Na farko aiki ne da ya shuɗe wanda za a iya zuwa a gani, na biyu alkawari ne, na uku kuwa alkawari ne mai rauni. Mun kuma san aikin da "an" da "za a" suke yi a jimla, wato ɓoye mai aikatawa. Idan an yi abin yabo sai a ji "na kawo ruwa", idan an yi ɓarna sai a ji "an samu matsala". Haka nan kalmomi irin su "canji" da "ci gaba" da "romon dimokuraɗiyya" ba su da ma'ana tsayayya sai an haɗa su da adadi da wuri da lokaci.

Take da waƙa ma suna da tasiri tun zamanin da NPC take cewa "Salama", NEPU tana cewa "Sawaba". Waƙar siyasa fage ne mai kyau na nazarin zambo da habaici da kirari, amma aikin mawaƙi shi ne ya koɗa gwaninsa ya muzanta abokin hamayya. A ji daɗin salon, a nemi hujja a wani wuri.

Abubuwan Da Ke Ruɗar Mai Zaɓe

Na farko shi ne ƙabila da addini. Tsarin mulki ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko alama mai nuni ga ƙabila ko addini, ya kuma shar'anta wa mai neman shugabancin ƙasa ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Hikimar ita ce kada wani yanki ya naɗa shugaba shi kaɗai. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 Cif M.K.O. Abiola ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a Kano, jiharsa ta haihuwa, abin da ya nuna cewa jama'a suna iya tsallake wannan shinge.

Na biyu shi ne sayar da ƙuri'a. Laifi ne a doka, kuma ciniki ne na faɗuwa, domin kuɗin da za su ƙare kafin mako ya zagayo ake musanyawa da shekara huɗu. Na uku shi ne jita-jita a Facebook da WhatsApp, inda ake yanke maganar mutum ko a liƙa masa wadda bai faɗa ba. Na huɗu shi ne yanke ƙauna. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wanda ya ci ya samu ƙuri'a 8,794,726 ne, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na masu rajista. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka masu zaɓen kowace jam'iyya sau da yawa, kuma sakamakon ya hau kan kowa.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta kawo ma'aunai biyar: manufa, da abin da aka gani a baya, da 'yan takara, da aikin kowace kujera, da kuma harshen ɗan siyasa. Shawara ga ɗan'uwa ɗalibi da 'yar'uwa ɗaliba ita ce su ɗauki takarda su rubuta matsaloli uku da suka fi damunsu, ko tsaro ne, ko kuɗin makaranta, ko aikin yi bayan kammala karatu. Sannan su jera jam'iyyun da suka tsayar da 'yan takara a mazaɓarsu, su auna kowacce a kan waɗannan matsaloli. Ba lallai ne a samu wadda ta cika goma ba, sai a ɗauki wadda ta fi kusa. Kuma tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a tabbatar katin zaɓe yana hannu, an kuma san rumfar da za a jefa ƙuri'a tun kafin ranar ta zo. Allah Ya ba mu shugabanni nagari, amin.