Saƙar Faifai

In ka taɓa sayen fura da nono, to ka ga faifai, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne zagayayyen abin nan mai faɗi da mai nono take rufe ƙwaryarta da shi, don kada ƙuda ko ƙura su faɗa ciki. Jam'insa faya-fayai. A ƙasar Hausa mata ne suka fi saƙa shi, a tsakar gida, bayan sun gama aikace-aikacensu na yini.

Amfanin faifai bai tsaya ga rufe abinci ba. Da shi ake bakace, wato a zuba hatsin da aka surfe a kansa, a riƙa watsa shi sama ana tarewa, har dusa ta fita. A da kuma, in za a yi wa amarya jere, akan ƙawata ɗakinta da ƙore da faya-fayai masu launi. Yarinyar da ta iya saƙa takan sayar da nata, ta tara kuɗin da za a rage mata kayan ɗaki da su.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana bukatar kaba, da busasshiyar ciyawa mai tsawo, da basilla, da 'yar wuƙa. Kaba ganyen goriba ce, itaciyar nan mai kama da dabino wadda yara suke gwaguyar 'ya'yanta. Basilla kuwa babbar allura ce. Idan a Kudu kake zaune, inda goriba take da wuyar samu, zaren tukurwa zai yi maka aikin kaba.

Da farko a tsaga kaba siri-siri, a jiƙa ta a ruwa har ta yi laushi. Kada ka tsallake wannan mataki, domin busasshiyar kaba karyewa take yi da an lanƙwasa ta. Mai son ado sai ya rina wani kashi na kabar. Mutanen da sukan sami jan launi daga karan dafi, wata irin dawa da ake shukawa saboda rini. Yanzu galura ake saya a kasuwa, a dafa kabar a cikinta, a shanya.

Daga nan sai saƙa, kuma daga tsakiya ake farawa. Ka ɗebi ciyawa kamar kaurin fensir, ka nannaɗe bakinta da kaba, sannan ka murɗa ta ta zama ɗan ƙaramin zobe. Wannan zobe shi ne cibiyar faifai, kuma nan ne ya fi ba masu koyo wahala. Kada ka ji kunyar warwarewa ka sake, ko sau uku ne. In cibiya ta karkace, faifan duka zai karkace, ba kuwa yadda za a yi a gyara shi daga baya.

Cibiya na zaunawa, sai ka ci gaba da zagaya ta da ciyawar, layi a bayan layi, kamar yadda bawon dodon-koɗi yake. Kowane ɗan taƙi, ka huda layin da ka riga ka gama da basilla, ka zura kaba, ka ja, ta ɗaure sabon layi a jikin tsohon. In ka ji ciyawar ta fara sirancewa a hannunka, ka cusa wata a cikinta, don kaurin ya zama ɗaya. A nan ake gane gwana. Wanda ya cika ja da ƙarfi, faifansa zai ƙudundune ya koma kamar kwano. Wanda ya yi sako-sako kuwa, nasa zai bar ƙofofi, gari ya riƙa zuba ta ciki. In faɗin ya kai yadda kake so, ka daina ƙara ciyawa, ka bar ta ta sirance har ta ƙare, ka soke bakin kabar a ciki.

Yau murafen roba da farantan ƙarfe sun cika kasuwa, 'yan mata da yawa a birni sun tashi ba su taɓa riƙe basilla ba. Sai dai roba tana riƙe gumin abinci, faifai kuwa yana barin iska ta ratsa.

Ga wani abu da zai taimake ka wajen koyon Hausa. Da garmaho ya zo ƙasar Hausa, mutane suka ga abin da ake ɗora masa zagayayye ne mai faɗi, har da layuka masu zagaya tsakiyarsa, sai suka kira shi faifai. Sunan ya bi abubuwan da suka zo bayansa. Saboda haka in ka ji an ce "faifan bidiyo" a labaran rediyo, ka san inda kalmar ta samo asali.