An ce an ragargaza sansanonin makaman Iran: ta yaya ake auna gaskiyar ɓarnar?

Duk lokacin da jiragen yaƙi suka yi luguden wuta kan sansanin makamai masu linzami, labari biyu ne ke fitowa tun hayaƙi bai washe ba. Wanda ya kai hari ya ce ya gama da su, wanda aka kai wa ya ce ko gezau. Haka aka yi a yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran, wanda ya ɓarke ranar 13 ga Yunin 2025, aka tsagaita wuta ranar 24 ga watan. Mu ma nan, daga majalisun Agege zuwa Sabo a Ibadan, kowa da hoton da aka turo masa ta WhatsApp, ana ta musu. Don haka bari in ɗan fayyace yadda masu wannan aiki ke auna ɓarna, ko ma san tambayar da za mu yi wa hoto kafin mu gaskata shi.

Manyan sansanonin Iran, irin na yankunan Kermanshah da Khorramabad da Tabriz, ba filin bariki ba ne kawai. Ramuka ne dogaye da aka haƙa cikin duwatsu, inda ake ajiye makaman da motocin harba su. Tun 2015 gidan talabijin na Iran ya fara nuna irin waɗannan wurare, su da kansu suna kiran su biranen makamai. Shi kuwa tauraron ɗan'adam saman ƙasa kawai yake gani. Hotuna mafi kyau da kamfanoni ke sayarwa, kowane ɗigo a jikinsu kusan santimita 30 ne a ƙasa. Za ka ga rufin da ya rufta, da baƙin ƙuna, da ƙofar rami da duwatsu suka toshe. Abin da ke bayan ƙofar kuwa, sai Allah sai masu shi.

Shi ya sa sojojin Amurka ke raba aikin mataki uku. Na farko, bam ya sami inda aka nufa, kuma me ya rushe? Na biyu, wurin zai iya ci gaba da aikinsa, in ba zai iya ba har zuwa yaushe? Na uku, me hakan ya rage wa ƙasar baki ɗaya? Yawancin abin da muke ji a labarai a kwanakin farko bai wuce mataki na ɗaya ba, amma ana faɗin sa kamar na uku. Toshe bakin rami ɓarna ce, ba musu, domin makamin da ya kasa fitowa ba zai tashi ba. Sai dai in katafila za ta iya kwashe ɓaraguzan cikin 'yan kwanaki, to kulle makaman aka yi, ba a lalata su ba.

Inda lissafin ya fi wuya shi ne motocin harbawa. Makami mai linzami ba ya tashi da kansa, galibi sai an ɗora shi kan wata doguwar mota ta kai shi fili, ta miƙar da shi tsaye. Ƙasa na iya samun makamai dubu, amma in motocinta ɗari ne, ɗari kawai za ta iya harbawa a tashi ɗaya. Shi ya sa Isra'ila ta fi farautar motocin, har ta sanar a kwanakin farko cewa ta lalata kusan kashi ɗaya cikin uku nasu. To amma wa ya ƙirga su tun farko? Kuma daga sama, cikin dare, motar nan da tirela ko tankar mai kusan kamarsu ɗaya. Direbobinmu da ke kwana a layin Apapa sun fi kowa sanin tsawon irin wannan mota.

Wannan ba zato ba ne, an taɓa gani. A yaƙin Gulf na 1991, Iraƙi ta harba makaman Scud kusan 88 kan Isra'ila da Saudiyya da maƙwabta. Matuƙan jiragen ƙawance sun yi ta kawo rahoton lalata motocin harbawa da dama. Janar Norman Schwarzkopf har bidiyo ya nuna wa 'yan jarida, wanda daga baya wasu masu nazarin hotunan leƙen asiri suka ce tankokin mai ne a ciki. Binciken da rundunar sojin saman Amurka ta sa aka yi, aka fitar a 1993, bai sami hujja ƙwaƙƙwara ba cewa jiragen sun lalata ko da mota ɗaya ta gaske daga cikin masu yawo. Iraƙawa sun baza na bogi, aka yi ta zubar da bama-bamai a kansu. Ana saura kwana uku a daina faɗa, ranar 25 ga Fabrairu, Scud ya faɗa kan masaukin sojoji a Dhahran ya kashe Amurkawa 28.

Gaskiya kayan aikin yau sun fi na wancan zamani nesa ba kusa ba. Jirgi mara matuƙi kan iya shawagi na sa'o'i yana bin mota ɗaya, kuma in aka buge ta aka ga fashewa ta biyu mai ƙarfi, alama ce akwai makami da mai a jikinta. Don haka ba na cewa duk iƙirarin Isra'ila iska ne. Ina dai cewa wanda ya yi jarrabawa bai kamata shi kaɗai ya ba kansa maki ba.

Ni a ganina, ma'aunin da ya fi hoto shi ne abin da abokin gaba ya iya yi bayan harin. Iran ta harba makamai sama da 500 a kwanakin 12. A daren farko da yawa suke zuwa lokaci guda, daga baya suka koma 'yan kaɗan-kaɗan. Wannan na nuna an taɓa ta. Amma ko shi ma yana da fuska biyu: ta kasa harbawa ne, ko tattali take yi don ba ta san ranar ƙarewar yaƙin ba? Abin da ba a musu a kai shi ne, a safiyar da aka tsagaita wuta makaminta ya faɗa kan wani gini a Beersheba ya kashe mutum huɗu.

Sai batun da ba ya jan hankali a bidiyo, alhali shi ne babba: masana'anta. Makaman Iran iri biyu ne. Akwai masu man ruwa irin Shahab-3 da Emad, waɗanda ɗura musu mai ke cin lokaci, jirgi ya iya riskar su a fili. Akwai masu daskararren mai irin Sejjil da Kheibar Shekan, waɗanda a shirye suke zaune. Shi daskararren man, da wasu manyan injuna ake kwaɓa shi, kamar injin kwaɓa fulawa na gidan burodi amma mai tsananin ƙa'ida, kuma takunkumi ya sa sayo su ba wasa ba ne. A harin 26 ga Oktoban 2024, hotunan Planet Labs sun nuna an bugi gine-gine a Parchin da Khojir, masu nazari suka ce ɗakunan kwaɓa man ne. A hoto, ƙananan gine-gine ne da ba za su burge kowa ba. Amma in injunan na ciki da gaske, rashinsu ya fi toshe ƙofar rami goma ciwo, domin makamin da aka harba ba ya dawowa, sai an ƙera sabo.

Saboda haka masu nazari ba sa rufe littafi a makon hari. Sukan ci gaba da sayen hoton wuri ɗaya wata bayan wata, suna duba ko katafila ta zo bakin ramin, ko an ɗora sabon rufi, ko sawun manyan motoci ya dawo kan hanyar. Wurin da aka yi gaggawar gyarawa, akwai abin da ya tsira a ciki da ya cancanci wahalar. Wanda aka bari ciyawa ta cinye, ko dai ya ƙone ƙurmus, ko kuma tun kafin jiragen su iso an riga an kwashe kayan.