Fatsa mai ɗan kara

A ƙasarmu ana kamun kifi a kogin Isa, wajen Yamai da Gaya, da tabkin Madarunfa, da na Tabalak, da na Gidimuni. Masunta suna aiki da taru da jirgi. Mai koyo kuwa, da fatsa yake farawa.

Kayan fatsa biyar ne: sandar gora mai tsawon metir 2 ko 3, da zaren nailan, da ƙugiya, da ƴar dalma, da ɗan guntun karan dawa busasshe. Ana ɗaura ƙugiya a ƙarshen zare. A matse dalma sama da ita, kamar taƙi guda. Ɗan kara shi ne a can sama. A jikin ƙugiya ana soka tana, ko fara, ko gara.

Mine ne amfanin ɗan kara? Idon mutum ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ɗan kara yana yawo a bisa, dalma tana jan shi ƙasa, sai ya tsaya tsaye. Duk abin da ya taɓa ƙugiya, shi zai nuna.

Kafin a fara, sai a gwada zurfin ruwa. In ɗan kara ya kwanta tun jifar farko, dalma ta sauka a ƙasa: zare ya yi yawa. Sai a matso da shi kusa da ƙugiya har ya miƙe. Tarwaɗa tana kiwo kusa da laka, saboda haka ana sakar mata zare. Karfasa tana yawo kusa da ciyawa, a tsakiyar ruwa, sai a rage.

Yanzu ku zuba ido. In ɗan kara yana rawa kaɗan-kaɗan, kifi yana ɗanɗanawa ne. Kada ku ja, in ba haka ba zai gudu. In ya nutse, ko ya kama tafiya gefe guda, kifi ya ɗauka. Sai ku ɗaga sanda da sauri, amma ban da fizga mai ƙarfi, don kada zare ya tsinke.

Sassafe da marece sun fi kyau. A zauna shiru, kada inuwar mutum ta faɗa bisa ruwa.

Ku yi hankali, yara. Kada ku je bakin ruwa sai da babba. Ku tsaya a tudu, gama ruwan tabki yana sa ciwon tsargiya. Tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya a gefen kai, sai a riƙe su da dabara. Ɗan ƙaramin kifi kuwa, a maida shi ruwa ya girma, don baɗi ma a samu.

Tambayoyi
1. Ku faɗi kayan fatsa guda biyar.
2. Don mi ɗan kara yake kwantawa?
3. Yaushe ya kamata a ɗaga sanda?
4. Wane irin kifi ake kamawa kusa da garinku?