Ƙara ba lauya a Amurka: ana yafe kuɗin kotu, amma sirrin mai ƙara na hannunsa

A kotunan tarayyar Amurka, doka ta yarda mutum ya tsaya da kansa ya yi shari'a ba tare da lauya ba. Abin da ke fara tare shi a bakin ƙofa shi ne kuɗi. Shigar da ƙarar neman hakki a kotun gunduma ta tarayya dala 405 ne: dala 350 da doka ta yanka, da dala 55 na aikin ofis, wanda ya kai haka tun Disambar 2023. Ga wanda aka kora daga aiki yake neman hakkinsa, wannan kuɗi ne mai nauyi.

Yadda ake neman a yafe

Sashe na 1915 na kundi na 28 na dokokin tarayya ya ba alƙali ikon barin marar hali ya shigar da ƙara ba tare da ya biya ba. Mai nema zai sauke fom daga shafin kotunan, gajere mai lamba AO 240 ko dogo mai lamba AO 239, ya rubuta abin da yake samu, da abin da ke asusunsa na banki, da basussukansa, da mutanen da yake ciyarwa. Rantsuwa ce yake sa wa hannu. In aka gano ƙarya ya yi game da talaucinsa, za a kori ƙarar. Fursunoni kuwa ba a yafe musu gaba ɗaya, ana cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga asusunsu na gidan yari.

Inda waya ta shigo

Kusan duk takardar da ta shiga kotun tarayya tana hawa PACER, rumbun intanet da kowa zai iya buɗe asusu ya karanta. Shafi ɗaya santi 10 ne, yawancin takardu ba sa wuce dala 3, kuma wanda bai kashe fiye da dala 30 a wata uku ba ba ya biyan komai. Akwai kuma RECAP, ƙaramar manhajar burauza da aka ƙirƙira a jami'ar Princeton a 2009. Tana kwafe takardun da masu amfani da ita suka saya zuwa rumbun CourtListener na kyauta. Da zarar takarda ta fita, dawo da ita sai an sha wuya.

Shi ya sa ƙa'ida ta 5.2, wadda ta fara aiki a Disambar 2007, ta ce a taƙaita wasu bayanai kafin a miƙa: lambobi huɗu na ƙarshe kawai na lambar shaidar ɗan ƙasa ta tsaron zamantakewa da na asusun banki, shekarar haihuwa ba tare da rana da wata ba, da haruffan farko na sunan ƙaramin yaro. Magatakardan kotu ba ya duba wa kowa wannan. Wanda ya miƙa nasa bayanin a buɗe, ƙa'idar ta ɗauka ya sallama kariyarsa.

Mai son a rufe takarda gaba ɗaya, kamar rahoton asibiti, sai ya rubuta roƙo na daban ya kawo dalili. Alƙali ne zai yanke, kuma asali a can shi ne shari'a a buɗe take ga jama'a, don haka jin kunya kaɗai ba kasafai yake isa hujja ba.

Baƙin layi ba gogewa ba ne

Ko lauyoyi sun taɓa faɗawa wannan rami. A Janairun 2019, lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, sun miƙa fayil ɗin PDF da suka rufe wasu layuka da baƙi. 'Yan jarida suka kwafe wurin suka liƙa a wani shafi, rubutun ya fito ƙarara. Dalilin shi ne PDF hawa-hawa ne: zanen da aka ɗora yana sama, haruffan na nan a ƙasa.

Haka abin yake a waya. Alƙalamin haskaka rubutu da ake shafa wa hoton allo ba ya rufewa ruf, ƙara hasken hoton kan iya tono abin da ke ƙasa. Hanyar da ta fi tsaro ita ce amfani da manhajar da ke cire rubutun daga fayil ɗin kwata-kwata, kamar Adobe Acrobat Pro, ko a goge bayanin tun daga ainihin rubutun kafin a mayar da shi PDF. Bayan haka a buɗe fayil ɗin, a zaɓi duk rubutun, a kwafa, a liƙa a manhajar rubutu ta waya. In lambar asusun ta bayyana a can, to za ta bayyana ga duk wanda ya sauke takardar daga PACER.