Gidan Shari'a a Filinge: Kusanci Shi Ne Rabin Adalci

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, tana cikin Dallol Bosso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, saboda haka yawancin rigingimunta a kan gona ne, da burtali, da rijiya, da gado. A tsarin shari'ar Nijar ƙaramar kotu tana zaune a gunduma, babbar kotu a hedikwatar jiha kamar Tillaberi, sannan akwai kotunan ɗaukaka ƙara a Yamai da Damagaram da Tawa. Ke nan kotun Filinge ce ƙofar farko ga talakan Kurfai, kuma ga mutane da yawa ita ce ta ƙarshe, domin kuɗin mota da kwanan hanya sun fi ƙarfinsu. Wannan ya sa ta cancanci gini na zamani da kayan aiki.

Wasu za su ce sarakuna sun isa, tunda tun kaka da kakanni a fada ake kashe wutar rikici. Gaskiya ne, doka ma ta ba su ikon sasanta jama'a, kuma dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke rubuta wa mai gona shaida. Amma sarki sulhu yake yi. Idan ɗaya ya ƙi yarda, hukunci na alƙali ne, wanda ke zama da masana al'ada a shari'ar aure da gado da gona. Hukuncin nan takarda ce, kuma idan gara ko ruwan damina suka cinye ta, jikoki za su sake tayar da rigimar da kakanninsu suka kashe.

Wasu kuma za su ce bulo da siminti ba sa yin adalci. Haka ne, shi ya sa abin da ake nema ya haɗa da ma'ajiyar takardu mai tsaro, da wurin da mace za ta kai kukanta cikin sirri, da tafintocin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, da motar da za ta kai alƙali ƙauyuka ya ba yara takardar haihuwa. Wanda bai fahimci harshen da aka yi masa hukunci da shi ba, da wuya zuciyarsa ta karɓa.

Kira ga mahukunta shi ne su fifita kotunan gunduma wajen rabon kuɗi. Inda mai ƙara ya rasa alƙali a kusa, makami yake ɗauka, kuma jihar Tillaberi, inda Filinge take, ta ga isasshen jini.